Amsar Tambayoyin Masu Sauraro: Tsayuwar Maharbi da Maganin Zabura

Filin amsa tambayoyi na wannan mako ya haɗa wasiƙu uku da suka zo a kan wasan harbi da doguwar bindiga, wanda yana cikin wasannin da aka fara gasar Olamfik ta zamani da su a birnin Atina a shekarar 1896, kuma ƙungiyar duniya da ke tsara dokokinsa, wato ISSF, an kafa ta ne a 1907, hedikwatarta tana birnin Munik na ƙasar Jamus.

Wasiƙa ta farko daga wani malami ce a Zariya, wanda ya kalli gasar Paris ta 2024 a talabijin, yana neman sanin dalilin da ya sa 'yan wasa suke durƙusawa, su kwanta, sannan su miƙe tsaye a gasa guda. To, malam, wannan gasa ita ce ta harbin mita 50 mai yanayi uku, kuma a Paris kowane ɗan wasa ya yi harbi 20 a durƙushe, 20 a kwance, 20 a tsaye a zagayen share fage, da bindiga mai ƙaramin harsashi na milimita 5.6, yana neman da'irar tsakiya wadda faɗinta bai wuce milimita 10.4 ba. Hikimar haɗa yanayin uku ita ce, gwargwadon nisan jikin maharbi da ƙasa, gwargwadon yadda bakin bindiga yake yawo, domin tsoka tana gajiya tana rawa, ƙashi kuwa ba ya gajiya. Saboda haka ka'idar da kowane mai horarwa yake fara koyarwa ita ce a ɗora nauyin bindiga a kan ƙashi, ƙashin kuma ya dogara da ƙasa, a bar tsoka ta huta.

Kwanciyar rub-da-ciki ita ce mafi natsuwa, tunda gwiwoyin hannu biyu suna kafe a ƙasa, kuma igiyar bindiga da aka ɗaura a dantse tana ɗauke nauyin da hannu zai ɗauka. A durƙuso, na-dama yana sa gwiwar ƙafar dama a ƙasa, ya zauna a kan diddigensa, ya ɗora hannun hagu a kan gwiwar hagu, yana kiyaye kada tsinin gwiwar hannu ya hau tsinin gwiwar ƙafa, domin ƙashi biyu masu santsi ba sa zama da juna. Tsayuwa ce mafi wahala, shi ya sa 'yan wasa suke turo ƙugu gaba kaɗan su jingina gwiwar hannu da haƙarƙari ko ƙashin ƙugu. Wasan biyatalon na ƙasashen ƙanƙara, wanda ya haɗa gudu a kan dusar ƙanƙara da harbi, yana nuna girman bambancin a fili, domin a nisan mita 50 ɗin nan, abin da ake harbi a kwance faɗinsa milimita 45 ne, na tsaye kuwa milimita 115. Akwai yanayi na huɗu da ba ya cikin Olamfik amma masu farauta suna darajanta shi ƙwarai, wato zama a ƙasa da harɗe ƙafafu ko buɗe su, a sa gwiwoyin hannu a cikin gwiwoyin ƙafa, domin a daji ciyawa takan rufe wa wanda ya kwanta gani, zaman kuwa yana ɗaga ido sama da ita ba tare da rasa natsuwa mai yawa ba.

Kowane yanayi mutum ya ɗauka, akwai gwajin da ake yi don gane inda jiki da kansa ya fuskanta. Maharbi yana yin saiti, ya rufe ido, ya ja numfashi biyu ko uku ya saki jiki, sannan ya buɗe ido. Idan ya tarar saitin ya kauce, ba ya jan bindigar da hannu ya mayar da ita, sai ya gyara zaman jikin gaba ɗaya har saiti ya zauna da kansa a inda ake so.

Wasiƙa ta biyu ita ce ta fi buƙatar dogon bayani. Wani matashi daga Jos ya rubuto cewa yana koyon harbi a wurin horo mai izini, saitinsa yana kyau, amma da zarar ya zo danna kunama sai idonsa ya rufe, kafaɗarsa ta tunkuɗa gaba, harsashi ya faɗi ƙasa da inda ya nufa, har abokansa suna ce masa matsoraci. Samari, wannan abu shi ake kira zabura, kuma ba shi da alaƙa da ragwanci, domin yana kama ƙwararru kamar yadda yake kama sababbin shiga. Idan albarushi ya tashi ya tura harsashi gaba, ƙarfin nan yana tura bindigar baya ta bugi kafaɗa, abin da ake kira shurin bindiga, kuma yana zuwa tare da ƙara da iska mai bugun fuska. Jiki yana haddace wannan, sai ya riƙa kare kansa tun kafin abin ya faru, kamar yaron da ya taɓa shan allura yake ƙanƙame jiki tun tana hannun likita. Illar ita ce motsin yana riga harsashi fita, alhali shurin gaskiya yana ɓoye shi, har mutum ya rantse bai motsa ba.

Matakin farko na magani shi ne a tabbatar da cutar, kuma hanyar da masu horarwa suka daɗe suna bi ita ce su loda wa ɗalibi bindiga ba tare da ya gani ba, wani lokaci da harsashi na gaske, wani lokaci da na bogi wanda ba shi da albarushi. Ranar da ya danna kunama a kan na bogi, bakin bindiga ya nutsa ƙasa ba tare da ƙara ba, ya ga zaburarsa da idonsa. Mataki na biyu shi ne rage abin da jiki yake tsoro. Ƙarar babbar bindiga takan haura desibel 150, wato ma'aunin ƙarfin sauti, alhali ƙarar da ta kai 140 tana iya yi wa kunne lahani ko sau ɗaya aka ji ta, don haka toshe kunne wajibi ne, kuma haɗa abin cusawa da abin rufewa ya fi. Gindin bindiga ya manne da kafaɗa, domin idan aka bar rata bindigar tana samun wurin da za ta yi naushi, sannan mai fama da zabura ya ajiye babbar bindiga ya koma ƙarama ko ta iska, wadda kusan ba ta da shuri, har jiki ya manta da tsoron.

Mataki na uku shi ne atisaye ba harsashi, inda ake tabbatar da bindiga babu komai a cikinta, a ajiye harsasai a wani ɗaki dabam, a fuskanci wuri mai aminci, a riƙa maimaita saiti da danna kunama. Ana matsa kunama ne da tsokar gaɓar farko ta ɗan ali, a hankali kuma kai tsaye zuwa baya, a cikin ɗan tsaikon da ke biyo bayan fitar numfashi, kuma idan daƙiƙoƙi suka ja har ido ya fara dishi-dishi, a sauke a sake daga farko. Bayan harbi ido yana zama a buɗe a kan saiti, ɗalibi ya faɗi inda yake zaton harsashin ya sauka kafin ya duba, domin wanda ya iya faɗin haka daidai bai rufe ido ba. Yatsa yana iya kayar da gwani ma: Matthew Emmons na Amurka, wanda ya ci zinare a harbin kwance a Atina a 2004, yana kan gaba a wasan ƙarshe na yanayi uku a Beijin a 2008, sai harbinsa na ƙarshe ya tashi kafin saiti ya zauna, ya samu maki 4.4, ya faɗo na huɗu.

Wasiƙa ta uku daga wata ɗaliba ce a Kano, tana tambaya ko mace za ta iya wannan wasa, da kuma inda ake farawa. Malama, wasan ba ya neman ƙarfin dantse, natsuwa yake nema, kuma mata suna da gasarsu a kan nisa ɗaya da adadin harbi ɗaya da na maza, kamar yadda Chiara Leone ta Suwizalan ta ci zinaren yanayi uku a Paris. Ƙofar shiga ita ce bindigar iska ta mita 10, wadda da ita Abhinav Bindra ya kawo wa Indiya zinarenta na farko na mutum ɗaya a 2008.

Jan hankali ga duk masu wasiƙun shi ne cewa a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta mallakar bindiga ba tare da lasisi ba, kuma halin tsaron da ake ciki ya ƙara wa wannan doka nauyi. Mai sha'awar wasan ya nemi wurin horo da hukuma ta amince da shi da mai horarwa da ya san aikinsa, ya ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada ya nuna bakinta ga abin da bai yi niyyar harbi ba, kada kuma yatsansa ya taɓa kunama sai saiti ya zauna. Masu sauraro su ci gaba da aiko da tambayoyinsu, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai rai.