Darasi na 9: Ciwon Sukari a Bakin Ƙofa

Wani tela ya je asibiti da sassafe, bai karya ba. Aka tsira masa allura a yatsa, aka gwada jini. Na'ura ta nuna 112.

Ma'aikaciyar lafiya ta ce, "Malam, ciwon sukari bai kama ka ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Mai lafiya, in bai karya ba, sukarin jininsa ba ya kai 100. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. In ya kai 126, aka sake gwaji aka ga haka, to ciwon ya shigo."

Ya ce, "Malama, ni fa garau nake jin jikina."

Ta ce, "Ai ba ya sallama. Me kake ci?"

Da safe koko da sukari cokali huɗu. Da rana farar shinkafa da lemon kwalba. Da dare tuwo malmala uku. Wuni kuwa a kan keken ɗinki yake yin sa.

Tuwo, shinkafa, burodi da taliya duk sukari suke komawa a jini. Ba a hana cin su ba, yawan ne illa. Ga yadda ta koya masa raba faranti:

Rabi ganye, kamar zogale, rama, alayyahu, kabeji ko gurji.
Kwata wake, kifi, ƙwai, awara ko nama marar kitse.
Kwata tuwon dawa, gero ko acca.

Ƙaramar kwalbar lemo tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 9. In ƙishi ya zo, a sha ruwa. Fura, kunu da zoɓo a sha su ba sukari. Zuma ma tana ɗaga sukarin jini. Lemon zaƙi a ci shi da totuwarsa, ya fi a matse ruwan.

A yi tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako. Mai ƙiba in nauyinsa kilo 80 ne, rage kilo 4 zuwa 6 yana taimakawa ƙwarai. A koma gwaji duk shekara.

Washegari telan ya bar babur a gida, ya taka zuwa shago.

Tambayoyi
1. Wane adadi ne gargaɗi?
2. Me ya kamata ya cika rabin faranti?
3. Rubuta abin da ka ci jiya. Wanne za ka rage?