Darasi na 12: Komawa Gida Daga Filin Ƙwallo

Mun je Kano kallon ƙwallo a filin wasa na Ƙofar Mata. An tashi gab da magariba. Ba mu da mota, ƙauyenmu kuwa yana kan hanyar Haɗeja.

Tun da safe mun ware kuɗin komawa, mun ɓoye a aljihun ciki. Muka dakata har turereniya ta ragu. A 2013 aka hana acaɓa a Kano, don haka muka tare Adaidaita Sahu. Sai da muka yi ciniki, sannan ya kai mu tashar 'Yankaba. A tasha muka karanta allon da ke bisa kowace mota, muka gane tamu.

Wanda bai iya karatu ba, yana iya shiga motar wani gari, ya kwana a hanya.