Darasi na Bakwai: Koyar da Abu Mai Wuya ta Hanyar Aikin Hannu

Gabatarwa

A wannan darasi za a dubi yadda wani malamin fizis ya koyar da ɗaya daga cikin fannonin kimiyya mafi wuya, domin ɗalibi mai shirin zama malami ya ga abin da zai ɗauka ya tafi da shi aji.

Haɗewar Ƙwayoyin Zarra

Hasken rana da zafinta suna samuwa ne daga haɗewar cibiyoyin ƙwayoyin zarra na iskar haidurojin, inda suke rikiɗa su zama iskar hiliyam, makamashi mai yawa ya fita. Wannan ya sha bamban da tsagewa, wato fasa cibiyar ƙwayar yuraniyam, wadda ita ce aikin ƙaramar tukunyar nukiliyar da aka ƙaddamar a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 2004. Wahalar haɗewa ita ce cibiyoyin nan suna ture juna, ba sa haɗuwa sai da matsanancin zafi da matsi. Zafin tsakiyar rana ya kai kimanin digiri miliyan 15. A doron ƙasa kuwa, da yake babu irin matsin da ke cikin rana, sai an haura digiri miliyan 100. Sai a Disambar 2022 masana a Kalifoniya ta Amurka suka fara samun makamashin da ya zarce wanda hasken lesa ya kai wa abin gwajin.

Hanyar Farfesa Sing Lee

Na'urorin wannan bincike suna cin maƙudan kuɗi, saboda haka ɗaliban ƙasashe masu tasowa a littafi kawai suke ganin su. Farfesa Sing Lee na Jami'ar Malaya, a ƙasar Malesiya, bai yarda da haka ba. Tsakanin 1985 da 1986, da tallafin Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya horar da malaman jami'o'i daga ƙasashe irin su Masar da Pakistan da Indonesiya da Saliyo da Nijeriya. Maimakon ya tara su ya yi ta lacca, sai ya sa suka tsara wata ƙaramar na'ura tare da shi, suka harhaɗa ta da hannunsu. Ana tara lantarki mai ƙarfin bolt 15,000, a sake shi lokaci guda cikin iskar haidurojin mai nauyi. Iskar sai ta matse wuri ɗaya, ta yi zafin da wasu cibiyoyin za su haɗe, duk cikin ɗan lokacin da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

Na'urar ba ta ba da wutar da za ta haska ko da ɗaki ɗaya, kuma ba don haka aka yi ta ba. Amfaninta shi ne wanda ya ƙera ta ya san dalilin kowace waya da ke jikinta, in ta lalace zai gyara, in ya koma gida zai koyar da wasu. An bayyana aikin a wata mujallar malaman fizis ta Amurka a 1988, da sunayen waɗanda aka horar ɗin cikin marubuta.

Amfani da Hanyar a Aji

Ɗalibin da aka tura gwajin koyarwa Birnin Kudu ko wani ƙauyen Gwaram zai iya tarar da makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Sau da yawa nan ne malami kan koma cika allo da rubutu, yara su kwafa, a tashi. Alhali mayen ƙarfe biyu da aka ciro daga tsohuwar rediyo sun isa su nuna ma'anar turewa: a ba yaro ya gwada haɗa fuskokin da ba sa shiri, ya ji ƙarfin a yatsunsa. A maƙera kuma yara za su ga ƙarfe biyu ba sa zama ɗaya sai an zuga wuta an kuma daka da masaba. Wajibi ne malami ya faɗa musu iyakar misalin, domin maƙeri gaɓar ƙarfe yake haɗawa, cibiyoyin zarra suna nan yadda suke.

A nan aikin malamin Hausa yake. Kalmomin "haɗewa" da "tsagewa" da "turewa" ba za su zauna a kan yaro ba sai ya ga abin da suke nufi, don haka a fara da gwajin, sannan a ba shi suna.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin haɗewa da tsagewar ƙwayoyin zarra cikin jimloli uku.
2. Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan zafin rana, da kayan da za ka samu a kasuwar garinku.