Dalilin Dusashewar Fitilar Tsohuwar Mota da Yadda Ake Gyara Ta

A yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, motoci masu jan ƙafa huɗu irin su Land Rover da Toyota Land Cruiser kan shekara da shekaru suna ratsa hanyoyin burji da laɓar damina. Da tafiya ta yi nisa sai fitilunsu su dusashe, direba ya kasa hango rami ko garken shanu sai ya zo daf da su. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, don haka raguwar haske ganganci ne da rai.

Yadda ƙwan fitila ke aiki

A cikin ƙwan akwai siririn zaren ƙarfe mai suna tangistin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salsiyas. Idan lantarki ya ratsa shi sai ya yi zafi har ya ba da haske. Wasu tsofaffin motoci na da fitila rufaffiya, wadda idan ta mutu sai a sauya ta dungurungum. Wasu kuwa ƙwan halojin ne da su, mai lamba H4, wat 60 a doguwar wuta, wat 55 a gajeriya.

Inda hasken ke salwanta

Sau da yawa laifin ba na ƙwai ba ne. Tsatsa a bakin wayoyi, musamman wayar da ke ɗaure da ƙarfen motar, takan tauye lantarki kafin ya isa. Idan ƙarfin lantarki ya ragu da kashi 10 cikin 100, haske kan ragu da kusan kashi 30. Ƙurar hunturu da ruwan da ya shiga cikin fitila su ma kan dakushe madubin da ke turo hasken gaba.

Wasu kan ɗauka maganin shi ne ƙwai mai wat 100. Lissafi ya nuna akasin haka. Idan aka raba wat 60 da bolt 12, za a sami amfiya 5. Shi kuwa mai wat 100 yana jan sama da amfiya 8, abin da kan sa tsohuwar waya da makunni su yi zafi har su narke.

Matakan gyara

1. A kashe mota, a cire wayar batir mai alamar ɗebewa.
2. A duba fis, a kankare tsatsa, a ɗaure wayoyi tamau.
3. Kada a taɓa gilashin ƙwan halojin da yatsa, domin maiƙon hannu kan sa ya ƙone da wuri.
4. A sauya ƙwayayen biyu tare, don haskensu ya zo daidai.

Saita haske

A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, a auna tsayin fitilar daga ƙasa, a yi alamarsa a bangon. Iyakar saman gajeriyar wuta ta sauka kimanin santimita 10 ƙasa da alamar.

Akwai kuma abin lura wajen saye. Tun 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Fitilar da aka ƙera don hanyoyin Ingila ko Japan tana ɗaga haskenta ta hagu, wato kai tsaye cikin idon direban da ke tahowa.

Aiki ga ɗalibai: fitilar da tsayinta ya kai santimita 80, aka saita ta kamar yadda aka bayyana, a mita nawa haskenta zai taɓa ƙasa? Daƙiƙa nawa ke nan direba mai gudun kilomita 60 yake da su don ya tsaya?