Zaɓen Kwikwiyo Domin Yaro Mai Otizim

A ƙasarmu aikin kare sananne ne. Ko dai ya bi maharbi daji, ko ya tsare ƙofar gida da dare, ko ya kori kura daga garke. Amma a ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Kanada, an ba kare waɗansu ayyuka dabam. Akwai wanda ke yi wa makaho jagora, akwai mai sanar da kurma in an buga ƙofa, akwai kuma wanda ake ajiyewa domin ya zama abokin zaman yaron da ke da wani hali da likitoci suke kira otizim. Labarin wannan na ƙarshe za mu karanta yau, mu ga yadda iyaye a can suke zaɓensa tun yana kwikwiyo.

Da fari sai ku san mene ne otizim. Hali ne da ake haihuwar yaro da shi, ba a ɗaukarsa daga wani kamar mura ko ƙyanda, ba kuwa rashin tarbiyya ne ke kawo shi ba. Ƙwaƙwalwar yaron ce take karɓar abubuwan duniya ta wata hanya dabam. Wani yakan yi jinkirin fara magana, wani ba ya magana sam, wani kuwa yana da baki sarai amma hira da tsara takan yi masa wuya. Ƙarar da ku ba ku kula da ita ba, kamar ta injin niƙa ko hayaniyar kasuwa, shi tana iya yi masa zafi a kunne har ya toshe kunnuwansa ya yi ta kuka. Da yawansu suna son kome ya tafi yadda suka saba, in an sake musu hanyar makaranta ko wurin zama sai hankalinsu ya tashi. Wani likita a birnin Baltimo na Amurka, sunansa Leo Kanner, shi ya rubuta bayanin wannan hali a shekarar 1943, bayan ya duba yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa cikin yara 100 akan sami kamar guda mai shi. Ke nan suna ko'ina, har a garuruwanmu.

To, me kare zai yi wa irin wannan yaro? Kare ba ya tambaya, ba ya gaggawar a ba shi amsa, ba ya dariya in an yi kuskuren magana. Yaron da kallon idon mutum ke yi masa nauyi yakan zauna kusa da kare ya yi ta shafa shi har zuciyarsa ta kwanta. Akan koya wa karen ya ɗora kansa bisa cinyar yaro in ya ga ya firgita, gama nauyin nan yakan natsar da waɗansunsu. Akwai kuma wani aiki mafi girma. Waɗansu yaran sukan ƙwace su sheƙa a guje ba zato, ko da a bakin titin mota ne. A jihar Ontariyo ta Kanada, wajen shekarar 1997, aka soma horar da karnuka saboda wannan. Akan ɗaura wa yaro ɗamara, a haɗa ta da ta karen, uwa ko uba kuwa na riƙe da igiyar karen. In yaro ya zabura, sai a ba kare umurni ya turje ya tsaya cik, yaro ba ya kai ga titi. Horon irin wannan kare yakan ci kusan shekara biyu, masu jira kuwa suna da yawa. Saboda haka iyaye da dama sukan sayi kwikwiyo su rena da kansu, ya zama aboki kurum a cikin gida.

Cikin irin da suke nema akwai ruwa biyu, watau wanda ɗaya daga iyayensa fudul ne. Fudul kare ne da asalinsa ake dangantawa da Jamus, mutanen Faransa kuma suka ɗauke shi kamar nasu. Da can maharba ke tafiya da shi, in sun harbo agwagwa ta faɗa ruwa ya shiga ya ɗauko. Yana da saurin gane abin da aka koya masa. Gashinsa murɗaɗɗe ne kamar na tumakin Turai, ba ya kuwa zuba ya cika ɗaki kamar na sauran karnuka. Wannan gashi shi ya ja masa farin jini, domin akwai mutanen da in sun kusanci kare sai atishawa da ƙaiƙayin ido, wani har numfashinsa ya riƙa sarƙewa.

Ga yadda ruwa biyun nan ya yi suna. A ƙasar Ostareliya akwai wani mutum, Wally Conron, mai kula da kiwon karnukan jagorar makafi. Wata makauniya daga tsibirin Hawai ta nemi kare, amma mijinta ba ya jure wa gashin kare. Conron ya yi ta gwada fudul zalla, bai sami wanda ya iya aikin jagora ba. A shekarar 1989 sai ya haɗa fudul namiji da karya irin ta labarado, wadda aka sani da haƙuri da son mutane. Ta haifi 'ya'ya uku. Aka ɗebi gashi da miyau na kowanne aka aika Hawai domin a gwada mijin. Cikin ukun nan guda ɗaya tak ne bai tayar masa da ciwo ba, aka sa masa suna Sultan, shi aka horar aka kai wa matar. Irin nan aka kira shi labaradudul. Daga baya mutane suka shiga haɗa fudul da waɗansu iri barkatai, kasuwa ta buɗe, masu son kuɗi suka shigo. A 2019 Conron, ya tsufa, ya faɗa a gidan rediyon ƙasarsu cewa yana nadamar abin da ya fara, saboda karnuka marasa lafiya da masu mugun hali da aka yi ta haifarwa da sunan nan.

Ku lura da lissafin nan da kyau: uwa ɗaya, uba ɗaya, amma ɗaya cikin uku ne ya dace. Haka ruwa biyu yake. Wani ɗan ya ɗauko gashin uba, wani na uwa, wani ya tsaya tsakani. Yadda gashi ke rabuwa haka hali ma ke rabuwa. Banda haka, abin da ke sa mutum atishawa ba gashin kansa ba ne, yana cikin miyau da ɓarɓashin fatar kare, babu kuwa karen da ba shi da su. Mai sayarwa da ya rantse cewa kwikwiyonsa ba zai sa kowa atishawa ba, ya faɗi abin da ba shi da iko a kai.

Don haka iyaye masu hankali ba su fara da duban gashi. Sukan tafi gidan mai kiwo da ƙafarsu, su ce a nuna musu uwar. In karyar ta zo da fara'a tana kaɗa wutsiya, alama ce mai kyau. In ta ɓuya bayan kujera tana gurnani, ko kuwa mai gida ya ce ai ba ta nan, sai su yi sallama su koma. Sukan nemi takardun likitan dabbobi masu nuna an duba ƙugun iyayen da idanunsu, domin fudul da labarado duka suna iya gadar wa 'ya'yansu ciwon ƙugu da wata makanta mai zuwa a hankali. A Ingila doka ta hana sayar da kwikwiyon da bai cika mako 8 ba, tun 2020 kuma ta hana dillalai da kantuna sayar da shi, sai dai a saya wurin wanda ya kiwata ko a karɓa daga gidan da ake tara karnukan da ba su da masu su.

Sa'an nan sai a zauna a ƙasa a yi ta kallon 'yan kwikwiyon. Nan ne haƙuri ke da rana. Kullum akwai wani mai rawar kai, wanda zai fara rugowa ya hau mutum, ya ciji yatsa, ya ja bakin riga. Shi ya fi shiga rai, amma ba shi ne na wannan yaro ba, gama haƙoran kwikwiyo kamar allura suke, cizo guda na wasa yana iya sa yaron ya ƙi kare har abada. Akwai kuma wanda ke raɓewa a lungu yana makyarkyata. Ana jin tausayinsa, amma shi ma a bar shi, domin kare matsoraci shi ya fi saurin cizo in an yi ihu kusa da shi. Wanda ake nema shi ne na tsakiya, mai zuwa a hankali ya shinshina hannu ya zauna. Akan jefar da 'yan makullai a ƙasa a ga yadda zai yi. Kowane kwikwiyo zai zabura, amma nagari yakan dawo nan da nan ya duba abin da ya faɗi. Akan taɓa ƙafarsa da kunnensa da wutsiya, a ga ko zai ƙyale.

Girma ma abin dubawa ne. Fudul iri uku ne a Ingila: babba, da matsakaici, da ɗan mitsitsi wanda tsayinsa bai kai ƙafa guda ba. Jinin ɗan mitsitsin yana da kyan gani, amma ƙashinsa ba shi da ƙarfi, yaro na iya rungumarsa da ƙarfi ya ji masa ciwo ba da nufi ba. Jinin babban kuwa, kafin ya yi hankali yana iya ture ƙaramin yaro. Sai a auna ƙarfin yaro da faɗin gida.

Wanda ke yanke hukunci na ƙarshe shi ne yaron kansa, ko da ba ya magana. Akan kai shi sau biyu ko uku, a bar shi ya zauna inda ya ga dama, ba a tura masa kwikwiyo ba a kama hannunsa. Wani yaron zai miƙa hannu da kansa. Wani kuwa haushin kare da lasar harshe da warin jikinsa sun fi ƙarfinsa, sai ya toshe kunne ya juya baya. In haka ta faru a kowace ziyara, iyaye sukan haƙura. Waɗansu sukan nemi babban kare wanda ya riga ya natsu, an kuma san halinsa, waɗansu su bar maganar kare ɗungum.

Wanda ya saya kuwa ya ɗauki kaya na shekara 12 ko fiye. Gashin nan da ba ya zuba yakan cukurkuɗe, sai an riƙa tsefe shi, a kuma kai shi aski kamar bayan kowane mako 6 zuwa 8. Ga allurar rigakafi, ga abinci, ga fita yawo safe da yamma. Wannan duk aikin manya ne, ba na yaron ba. Kafin a kawo shi gida akan shirya masa wani lungu da shimfiɗa, a koya wa yaro cewa in kare ya shiga can ba a binsa, in yana cin abinci ba a taɓa shi. Shi ma yaron yana da ɗakinsa inda kare ba ya shiga sai ya yarda. A watannin farko ba a barin su biyu su kaɗai ko na ɗan lokaci, sai da babba a kusa.

Tambayoyi

1. Wane aiki fudul yake yi wa maharba a da?
2. Cikin 'ya'ya uku da karyar Conron ta haifa, nawa ne suka dace da gidan makauniyar? Me ya sa?
3. Don me ba a zaɓar wa yaro mai otizim kwikwiyo mai rawar kai, ko matsoraci?
4. Me iyaye sukan yi in yaro ya ƙi kare a kowace ziyara?