Darasi: Jinin Istihala da Sankarar Bakin Mahaifa

 

Ya ku ƴan'uwa musulmi, sau da yawa mace takan aiko ma malami da tambaya a kan jinin da ke zo mata ba lokacin haila ba. Malami ya faɗa mata hukuncin istihala, ta yi tsarki ta ci gaba da salla. Hukuncin daidai ne, amma amsar ba ta cika ba. Jinin da ke biyo bayan saduwar aure, ko wanda ya dawo ma tsohuwa bayan haila ta ɗauke, ko ruwa mai wari, suna cikin alamomin sankarar bakin mahaifa. Ya kamata malami ya ƙara da cewa: ki tafi asibiti.

Ku sani, wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce sanadin kusan dukkan wannan ciwo, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. A nan sai a yi hattara da harshe. Mace mai kamun kai tana iya samunta daga mijinta na sunna, shi kuwa bai ma san yana ɗauke da ita ba. Zargin marar lafiya da alfasha zalunci ne, kuma tsoron wannan zargi na sa mata ɓoye ciwo har ya ci jiki. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata wajen 350,000 ya kashe a shekarar 2022.

Daga cikin rahamar Allah, cutar ba ta gaggawa: yawanci takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Don haka hukumar ta ce mace ta fara zuwa awo daga shekara 30, ko da ba ta jin ciwon komai. Mai ɗauke da ƙwayar sida kuwa daga 25. Ungozoma takan shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a kashe shi da sanyi ko da zafi cikin ƴan mintoci. Miji ne ke ba da izini da kuɗin mota, saboda haka nauyin yana wuyansa.

Sai allurar rigakafi, wadda aka fara amfani da ita a 2006. Ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 ake yi wa, domin ta fi amfani kafin aure. A 2022 hukumar ta yarda allura guda tana wadatarwa. Makwabtanmu na Najeriya sun shigar da ita cikin rigakafin ƙasa a Oktoban 2023. Masu cewa tana hana haihuwa ba su zo da hujja ba, alhali sankarar ce ke kai ga cire mahaifa. Uba ya tambayi ma'aikatan lafiya na garinsu inda ake samunta tun ɗiyarsa tana gabansa.