Hutun Haihuwa da Hutun Shekara: Abin da Ya Kamata Ma'aikaciya Ta Sani

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin mata ma'aikata, da mazajensu, da kuma masu ɗaukar ma'aikata a ko'ina cikin Tarayyar Nijeriya. Mace mai aikin albashi tana da hutu iri biyu da doka ta san da su, watau hutun shekara da hutun haihuwa. Sau da yawa waɗannan biyun sukan faɗo cikin shekara guda, kuma a nan ne rashin sani yakan jawo hasara. Wata takan ci hutunta na shekara tun da wuri, sai bayan ta haihu, tana tsakiyar jego da hidimar suna, ta tarar an tsayar mata da albashin wata guda. Babu wanda ya zalunce ta; ƙa'ida ce aka bi, ita kuwa ba ta san da ita ba. Saboda haka wajibi ne kowace ma'aikaciya ta san dokar da ta shafe ta, ta kuma tsara hutunta tun ciki yana ƙarami.

Dokoki biyu, ma'aikata iri biyu

Abu na farko da za a gane shi ne ba doka ɗaya ce take kan dukan mata ma'aikata ba. Matar da take aiki a masana'anta, ko kanti, ko kamfanin ciniki, ko babbar gona, Dokar Ƙwadago ce take kāre ta, wadda take Babi na L1 cikin Kundin Dokokin Tarayyar Nijeriya na 2004. Matar da take aiki a ma'aikatar Gwamnatin Tarayya kuwa, Ƙa'idojin Aikin Gwamnati ne suke tafiyar da hutunta. Ma'aikatan gwamnatocin jihohi suna bin ƙa'idar jiharsu. Yadda ake haɗa hutun shekara da na haihuwa ya bambanta ƙwarai tsakanin waɗannan, don haka za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aikaciyar kamfani: abin da Dokar Ƙwadago ta ce

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago shi ne ya yi magana a kan haihuwa. Ga abubuwan da ya ƙunsa:

1. Mace tana da ikon barin aiki idan ta kawo takardar shaida daga likita mai rajista cewa ana sa ran za ta haihu cikin mako 6.

2. Ba a yarda ta yi aiki ba cikin mako 6 da suka biyo bayan haihuwa.

3. Idan ta yi wata 6 ko fiye tana aiki a wurin ba tare da yankewa ba kafin ta tafi hutun, za a biya ta abin da bai kasa rabin ladanta ba, watau kashi 50 cikin 100.

4. Idan ta koma aiki tana shayarwa, za a ba ta rabin awa sau biyu a kowace rana cikin lokacin aiki domin ta ba jaririnta nono.

5. Ba a yarda mai aiki ya ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu ba, ko takardar da wa'adinta zai cika tana cikin hutun. Haka nan idan ta ƙara kwanaki saboda rashin lafiyar da likita ya tabbatar ciki ko haihuwa ne suka jawo ta.

6. Doka ba ta ɗora wa mai aiki biyan kuɗin asibitin ciki da haihuwa ba. Idan akwai irin wannan taimako, to daga yarjejeniyar aiki ko inshorar lafiya yake fitowa.

A lura da bambancin da yake tsakanin na ɗaya da na biyu. Mako 6 na kafin haihuwa hakki ne, mace tana iya ɗauka duka ko ta ɗauki wani sashe gwargwadon ƙarfin jikinta da shawarar likita. Mako 6 na bayan haihuwa kuwa hani ne, ko ita ta so komawa, mai aiki ba shi da ikon ƙyale ta. Daga ranar haihuwa ake fara ƙirga su, ba daga ranar da likita ya yi tsammani ba. Mako 6 kwana 42 ke nan, ya zarce arba'in ɗin jego da kwana biyu kacal.

Hutun shekara kuma yana Sashe na 18. Duk ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa, yana da hutun da bai kasa kwanakin aiki 6 ba, da cikakken lada. Ana iya jinkirta wannan hutu idan ma'aikaci da mai aiki sun amince, amma kada lokacin tara shi ya wuce wata 24. Bugu da ƙari, haramun ne a doka mai aiki ya biya kuɗi a madadin hutun alhali ma'aikaci bai bar aikin ba.

Dokar Ƙwadago ta ajiye waɗannan hutu biyu a sassa dabam, kuma ba ta ce ɗaya ya shanye ɗaya ba. Wannan yana da amfani ga mai shirin haihuwa, domin hutun haihuwa rabin lada ne, hutun shekara kuwa cikakke ne. Alal misali, a ce mace tana samun Naira 20,000 a mako. Cikin mako 12 da ta samu Naira 240,000, amma mafi ƙarancin abin da doka ta tilasta a ba ta a hutun haihuwa shi ne Naira 120,000. Idan ta adana hutunta na shekara, ta nemi a liƙa mata shi a ƙarshen hutun haihuwa, za ta ƙara mako guda tare da jaririnta da cikakken lada. Amma sai da amincewar mai aiki, kuma ya kamata a rubuta amincewar a takarda.

Abin da doka ta faɗa shi ne mafi ƙaranci. Kamfanoni da yawa suna ba da fiye da haka a cikin takardar ɗaukar aiki, ko a yarjejeniyar da suka ƙulla da ƙungiyar ƙwadago. Har ila yau, ma'anar ma'aikaci a wannan doka ta fi shafar masu aikin hannu da akawuna. Manajoji da ƙwararru irin su lauyoyi da injiniyoyi, takardar yarjejeniyar aikinsu ita ce madogararsu ta farko. Don haka kowace mace ta nemo takardarta ta karanta, in ba ta iya ba ta sa a karanta mata.

Ma'aikaciyar Gwamnatin Tarayya

A nan al'amarin ya sha bamban. Ƙa'idojin Aikin Gwamnati, bugun 2008, sun ba mace mai ciki hutun mako 16 a jere, watau kwana 112, da cikakken albashi. Hutun yana farawa aƙalla mako 4 kafin ranar da ake sa ran haihuwa, kuma dole a miƙa takardar likita mai nuna wannan rana aƙalla wata 2 kafin ta zo. Bayan ta koma aiki, mai shayarwa tana da awa 2 a kowace rana har tsawon wata 6.

Sai dai wannan ƙa'ida ta zo da sharaɗi, kuma shi ne gishirin darasinmu. An ce hutun shekara na shekarar da aka haihu a cikinta yana cikin hutun haihuwa. Idan kuwa ma'aikaciya ta riga ta ci hutun shekararta kafin a ba ta hutun haihuwa, to za a cire kwanaki daidai da wancan hutu daga cikin hutun haihuwar, ta yi su ba albashi.

Ga misali. Ma'aikaci mai mataki na 07 zuwa sama yana da hutun shekara na kwana 30, na ƙasa da haka kuwa kwana 21 ko 14 gwargwadon matakinsu. Shekarar hutu tana farawa ran 1 ga Janairu ta ƙare ran 31 ga Disamba. A ce mata biyu suna mataki na 08 a ofis ɗaya, dukansu kuma za su haihu a watan Satumba. Ta farko ba ta taɓa hutunta na shekara ba, saboda haka za ta yi kwanakinta 112 duka da albashi. Ta biyu ta ci hutunta na kwana 30 a watan Maris. Ita ma za ta yi kwana 112, amma 82 ne kawai da albashi, sauran 30 babu. Gida mai sabon jariri kuwa, lokacin ne ya fi bukatar kuɗi.

An sake bitar Ƙa'idojin Aikin Gwamnati a 2021. A watan Nuwamba na 2022 kuma Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya fitar da takardar umarni cewa lissafin hutu ya koma bisa kwanakin aiki, watau ba a ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutun gwamnati. Saboda haka idan ma'aikaciya ta cika takardar neman hutu, ta tabbata jami'in kula da ma'aikata ya rubuta mata ranar tafiya da ranar komowa, da adadin kwanakin da suke da albashi, kafin ta bar ofis.

Hutun uba

Wannan takardar umarni ta 2022 ita ce kuma ta fara aiki da hutun uba, wanda Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da shi a watan Satumba na 2021. Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da matarsa ta haihu yana da hutun kwanakin aiki 14, sau ɗaya cikin shekara biyu, har zuwa 'ya'ya huɗu. Dokar Ƙwadago ba ta tanadi irin wannan hutu ga ma'aikatan kamfanoni ba. Magidancin da ba shi da hutun uba yana iya neman a ajiye masa hutunsa na shekara ya faɗo daidai makon haihuwa da suna.

Ma'aikatan jihohi

Wasu jihohi sun zarce Gwamnatin Tarayya. Jihar Legas ta mai da hutun haihuwa wata 6 ga ma'aikatanta a 2014, Jihar Kaduna kuma ta yi haka a 2019. Babban dalilin da aka bayar shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6. Amma wannan ya shafi ma'aikatan gwamnatin jihar ne kaɗai. Matar da take aikin kamfani a Ikeja, ko aikin Gwamnatin Tarayya a Kaduna, ba ta shiga ciki ba don kurum tana zaune a jihar.

Dalilin wannan kāriya

Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsai da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta a cikin Yarjejeniya ta 3, kuma wannan tsari ne ake gani a Dokar Ƙwadago tamu. A 2000 ƙungiyar ta fito da Yarjejeniya ta 183, wadda ta nemi hutun ya kai mako 14, da biyan abin da bai kasa kashi biyu cikin uku na albashi ba. Manufar duka ɗaya ce: kada talauci ya kori mai jego zuwa bakin aiki jikinta bai warke ba, kada kuma haihuwa ta zama sanadin rasa abinci. Mai aiki ma yana da riba, domin ma'aikaciyar da ta huta ta komo da lafiya ta fi wadda za a sake nema a koya mata aiki daga farko.

Matakan da za a bi

1. Da zarar an tabbatar da ciki, ki fara zuwa awo, ki nemi likita ya rubuta miki ranar da ake sa ran haihuwa.

2. Idan ke ma'aikaciyar Gwamnatin Tarayya ce, kada ki ɗauki hutun shekara a shekarar da za ki haihu sai kin san abin da zai rage miki na albashi.

3. Idan ke ma'aikaciyar kamfani ce, ki adana hutun shekararki, ki nemi a rubuce a haɗa miki shi da hutun haihuwa.

4. Idan haihuwar za ta zo ƙarshen shekara, hutun ya tsallaka cikin sabuwa, ki nemi a rubuta miki hutun wace shekara ne aka lissafa a ciki.

5. Idan za ki tafi wankan gida wurin iyaye, kamar daga Legas, ko Ibadan, ko Fatakwal zuwa Arewa, ki sa kwanakin tafiya da komowa cikin lissafi. Ƙara kwana ba da izini ba laifi ne a wurin aiki.

6. Idan jiki bai yi ƙwari ba ranar komowa ta matso, ki aika da takardar likita kafin ranar, kada ki bari sai an neme ki.

7. Ki ajiye kwafin kowace takarda da kika miƙa da wadda aka ba ki.

Inda za a kai kuka

Wadda aka hana ta hutu, ko aka tauye mata lada, ko aka sallame ta saboda haihuwa, ta fara da wakilin ƙungiyar ƙwadago na wurin aikinta. Idan abin bai gyaru ba, ta kai ƙara ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da yake jiharta, inda jami'an ƙwadago suke sasanta ma'aikata da masu aiki. Idan sasanci ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take da ikon yanke hukunci a kan rikicin aiki, bisa Sashe na 254C na Tsarin Mulkin 1999. Ma'aikaciyar gwamnati kuwa ta fara rubuta koke ta hannun shugaban sashenta.

Tambayoyi don bita

1. Wata nawa mace za ta yi tana aiki a kamfani kafin ta cancanci rabin lada a hutun haihuwa?

2. Mene ne bambancin mako 6 na kafin haihuwa da mako 6 na bayanta?

3. Ma'aikaciyar Gwamnatin Tarayya mai hutun shekara na kwana 21 ta ci hutunta a watan Afrilu, ta haihu a watan Agusta. Kwana nawa cikin 112 za ta yi da albashi?

4. Ina matar da aka sallama tana cikin jego za ta kai kukanta?

Idan ka karanta wannan takarda, ka miƙa ta ga wata ma'aikaciya, ko ka karanta wa wadda ba ta iya karatu ba.